Sa Hannun Kawu Leander

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Kwamiti sun ɗora mini takardar. Na ce a ba wani. Clyde Pardy, shugabanmu, ya ce wa ya kai ni sanin mutanen garin nan, ni da na koyar da rabinsu a aji uku, kuma wa ya kai ni kyan rubutu. Yana faɗa yana dariya. Ban taya shi ba.

Bari in rubuta abin dalla-dalla ko kaina zai daina juyawa. Ran ashirin ga Yuli shekara sittin cif da jirgin ruwan nan Ada Pearl ya kwashe mu daga tsibirin Marrow ya kawo mu nan Cutler, gida ashirin da uku, da tumaki da murahu da ƙararrawar coci. Muna so jirgin ya koma can, yini ɗaya kawai, da duk wanda ya rage a cikinmu. Masu gidan tarihi da ke riƙe da shi yanzu sun ce ba za su kwance shi daga tasha ba sai 'yan kasuwar garin goma sun sa hannu cewa suna bayan tafiyar, mai igiya ya ba da igiya, mai man jirgi ya ba da mai. Suna son takardar zuwa ran 21 ga Yuni. Kuma dole a jawo jirgin tudu a liƙe ƙasansa da kwalta kafin sufeto ya zo. Gangaren jan jirgi ɗaya ne a duk gaɓar nan, na Verna Snook. Ada Pearl kuwa ba ya hawa gangaren sai ran da teku ta yi babbar cika, wato Asabar 22 ga Yuni.

Baba ne ya tuƙa jirgin a wancan lokacin. Shekararsa casa'in da huɗu. Makon jiya likita ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce in akwai inda yake son gani, a kai shi bana.

Ina miƙa masa shayi ya ce, “Hilda, Leander ya sa hannu?”

Na ce tukuna, Baba.

Talata, 4 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Hannu uku. Mai kantin magani, da matar da ta buɗe masauki a tsohon gidan fasto, da mai gidan abincin bakin tasha. Ko zama ban yi ba suka sa. Matar masaukin har ta ce labarin yana taɓa zuciya. Dukansu baƙi ne, ba wanda ya kai shekara goma a garin. Sauran kantunan duk na 'ya'yan tsibiri ne, kuma can aikin yake.

Tambayar Baba ba ta yau ba ce. Tun da hankalinsa ya fara guduwa, kullum safiya yana farkawa ne a bazarar da ya bi gida-gida da takardar gwamnati. A dokar lokacin, sai kowane magidanci ya sa hannu kafin a tashi gari a taimaka masa ya zauna wani wuri. Mutum ɗaya ya ƙi, kowa ya zauna. Kawu Leander Snook, baban Verna, shi ne ya ƙi. Ya rasu shekara hamsin da takwas ke nan, amma a wurin Baba yana nan bayan shagonsa yana gyaran raga.

Alhamis, 6 ga Yuni, tsakar rana

Cyril Buffett na kantin kayan gini. Na tarar da shi yana auna wa wani ƙusa, ya bar ni tsaye har ya gama, ya kuma yi hira kan farashin katako kamar ba ni a wurin. Cyril da na sani yana yawo ba wando a kan duwatsun Marrow.

Ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya juya bayanta ko akwai wani abu. Ya ce fenti da igiya ba komai ba ne, yana da su jibge. Ya tambayi wa ya sa kafin shi, na nuna masa. Ya ce waɗannan ai ba su san ma ta ina tsibirin yake ba. Na miƙa masa biro. Ya dubi biron, ya dube ni.

“Malama, ni zan sa da kaina, ko kin riga kin hutar da ni?”

Mutumin ƙusa ya yi dariya. Ni ma na yi, ban san me ya sa ba. Cyril ya ce in je in dawo idan Verna ta sa. Na fito na manta laimata, kuma ba zan koma ɗauka ba.

Wasa ne kawai. Cyril haka bakinsa yake tun yana yaro.

Juma'a, 7 ga Yuni, da safe

Tukuna, Baba.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe uku

Maisie ta gidan burodi ta ja ni ciki, ta zaunar da ni kusa da tanderu, ta cika ni da shayi da burodi mai maɗi. Ta tambayi Baba, ta tambayi gwiwata, ta ba ni labarin jikarta da ke aiki a Alberta. Duk lokacin da na taɓa jakata sai ta ƙara mini shayi. Da na fito da takardar dai, sai ta shiga goge hannu a zanen gabanta, ta goge ta goge kamar ƙullun ya kama fata.

Ta ce burodin mutum ɗari za ta gasa mana kyauta ran tafiyar, wannan alkawari ne. Amma hannu, ba za ta riga Verna ba. Na ce Maisie, me ya haɗa burodi da gangaren jirgi? Ta ce, “Haba Hilda, kin fi ni sani.” Ta ƙunsa mini burodi biyu na Baba.

Ban sani ba. Me na sani? Tsofaffi sun taru suna ja wa mutum rai a kan takarda guda.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan coci

Verna a layi na uku, kamar kullum, da jar hularta. Shekara sittin ina kallon ƙeyar matar nan. A Marrow benci ɗaya muke zama a makaranta, ita ta iya lissafi, ni na iya rubutu, muna musanya. Tun da muka sauka Cutler gaisuwa ce kawai. Ina kwana, lafiya, an yi sanyi. Ba mu taɓa faɗa ba. Da ma mun yi.

Aka buga ƙararrawar, wadda muka taho da ita daga can, sai na ji kamar in fita da gudu.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya

Na je har ƙofar gangaren. Na hango ta cikin rigar aiki tana yi wa mai injin ja faɗa, mace mai shekara saba'in da biyu, muryarta har bakin titi. Na tsaya ina karanta allon da aka rubuta Snook, kamar yau na fara ganinsa. Na juya na tafi gidan mai. Mai gidan man ya ce in Cyril ya sa zai sa. Cyril yana jiran Verna. Kowa yana jiran Verna, Verna kuwa ba wanda ya tambaye ta.

Har yanzu uku. Saura kwana goma.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe huɗu

Yau Baba ya dawo cikin hankalinsa kusan awa biyu. Ya san shekarar da muke ciki, ya san Inna ta rasu, ya ce gashina ya yi fari. Na gaya masa zancen tafiyar. Sai ya ce kabarin Wilf yana bayan coci ta gefen da iska ke bugawa, kuma ya tabbata ciyawa ta cinye shi. Ya ce in nemo ƙaramin almakashin lambu, shi zai yanke da hannunsa.

Wilf ƙanena ne. Shekararsa huɗu da maƙogwaronsa ya toshe a tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe mashigin tsibiri kwana tara, ba jirgin da zai kai shi wurin likita. Baba ya zauna da shi a cinya har ya daina numfashi. Da bazara ta zo shi ne ya fara ɗaukar takardar gwamnati.

Na nemo almakashin, na wasa, na sa masa mai. Ya ajiye shi a aljihun rigar sanyinsa. Da yamma ta yi ya koma tambayar Leander.

Ya Allah, kada ka ɗauke shi kafin in kai shi. Ban taɓa roƙon komai da ƙarfi haka ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe biyu

Clyde ya zo gida. Ya ga hannu uku, ya dafe kai. Ya ce masu gidan tarihi sun bugo waya sau biyu. Ya ce shi bai gane mutanen garin nan ba, kowa yana son tafiyar, kowa ya yi alkawarin kaya, amma ba mai sa hannu. Clyde aure ne ya kawo shi Cutler, ba ɗan tsibiri ba ne.

Sai ya rage murya don kada Baba ya ji. Ya ce in rubuta sunan Verna kawai mu nuna wa sauran, su sa, mu aika. Wa zai duba a birni? Ita kuma in ta ga jirgi a bakin gangarenta ran Asabar da rabin gari a tsaye, ba za ta iya cewa a'a ba. Ya ce da irin hannuna ba wanda zai gane.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ya fita mini daga gida. Bawan Allah ya fita yana ba ni haƙuri, bai san laifinsa ba. Na wanke kofinsa sau uku.

Asabar, 15 ga Yuni, da hantsi

Na ɗauki bayan ambulan na gwada rubuta sunan Verna. Harafin farko kawai. Ya fito tsaf, hannun bai ko girgiza ba. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Na jefa a murhu.

Litinin, 17 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Yau bai tambaya ba. Na kai shayi, na tsaya, na gyara labule, na sake tsayawa. Ya kalli bango kawai. Rabin burodi ya ci. Tambayar da na shekara biyu ina jin kamar ana soka mini allura, yau ni ce nake roƙonta a zuci.

Likita ta zo ta ce zuciyar ce take gajiya. Na ce wata guda fa, wata guda kawai nake nema. Ta ce ba ita ke bayarwa ba.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Teburin nan da nake rubutu a kai, a cikin Ada Pearl ya zo, ƙafafunsa sama. A kansa aka yi.

Shekarata sha ɗaya a lokacin. Hannu ashirin da biyu a takarda, layi ɗaya ba kowa, jami'in gwamnati kuma zai zo da jirgin wasiƙu washegari. Baba ya je wurin Kawu Leander sau bakwai. Inna tana tari, tana da ciki. Baba ya dawo na bakwai ɗin, ya zauna, ya daɗe bai cire takalmi ba. Sai ya turo mini takardar da alƙalami ya ce, ke kin iya rubutu mai kyau.

Ban taɓa rubuta wannan ko a nan ba. Ban gaya wa mijina ba har ya mutu. Na yi shi da kyau kuwa, don ina so Baba ya yaba. Har na yi wa harafin farko na Snook 'yar lanƙwasa irin wadda malamarmu ta koya mana.

Kawu Leander bai wuce hunturu biyu a Cutler ba. An ba shi gida a bayan masana'antar kifi, inda ba a ganin teku ta kowace taga.

Gobe zan je.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na same ta a ɗan ofishinta, tana cin kifin gishiri da dankali a cikin kwano, takardu ko'ina. Ba ta ce in zauna ba. Ta ce tun ran Talatar makon jiya ta gan ni a bakin ƙofa ina karatun allo, ta ɗauka makaranta zan buɗe a wurin.

Na ajiye takardar a gabanta. Na fara jawabin da na haddace, tarihin gari, masu yawon buɗe ido, allon da za a rubuta sunayen waɗanda suka taimaka. Tana ci tana kallona. Na kai tsakiya na tsaya. Na ce Verna, ba wannan ya kawo ni ba. Na ce sunan babanki da ke takardar tashi, ba shi ya rubuta ba. Ni ce.

Na riƙe gefen tebur ina jiran ta jefe ni da kwanon. Ta ajiye cokali ta goge baki.

“Hilda, babana bai iya rubutu ba. Ko sunansa. Duk Marrow an san alama yake yi, layi biyu a gicciye, a takardar kifi, a takardar aure, ko'ina. Ke da babanki ne kaɗai kuka manta.”

Na ce wa ya sani.

“Wa bai sani ba? An manna kwafin takardar a ƙofar kanti. Ya kama hannuna ya ce in nuna masa inda yake. Na nuna masa. Ga sunansa an rangaɗa, har da wutsiyar nan taki da kike yi a allo. Cyril yana wurin, Maisie tana wurin.”

Shekara sittin. Na koyar da 'ya'yansu, na rubuta musu katin aure, na rubuta sunayen matattunsu a littafin coci, ina ta ɓoye abin da kowa ya karanta a ƙofar kanti. Na zauna a kan wani akwati ba tare da an ce in zauna ba.

Na tambaye ta me ya sa bai kai ƙara ba, ai da magana ɗaya takardar ta mutu. Ta ce mutane sun zuga shi ya kai. Ya ce in ya yi magana za a ɗaure Ambrose, wato Baba, wanda bai daɗe da binne ɗa ba, kuma za a tsayar da yarinya gaban alƙali. Ya ce a bar yarinya. Ya koma gida ya fara cire tagogi, yana shirin tashi. Kuma ya hana kowa ya faɗa mini, ya ce in na girma zan zo da ƙafata.

“Ya jira ki hunturu biyu. Ni na jira sittin. Da kika tashi zuwa kuma, sai kika zo da wata takardar.”

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ran da aka binne Inna. Ba ta rarrashe ni ba. Na ce ta yafe mini. Na gaya mata zancen likita, da almakashin da ke aljihun Baba, da tambayar da yake yi kullum safiya. Nan ne kawai fuskarta ta motsa. Ta sa na maimaita tambayar.

Ta jawo takardar. Na miƙa mata birona, ta ture, ta ɗauko fensirin kafinta daga bayan kunne. A layi na huɗu ta ja layi biyu a gicciye, manya, har fensirin ya kusa huda takardar. Ta buga hatimin kamfani a gefe don mutanen birni.

Ta ce a kawo jirgin ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, in an makara ruwa ba zai jira ba. Ta ce kada in ɗauka ta yafe, ba ta san ko za ta iya ba, kuma ba za ta shiga jirgin ba. Na kai ƙofa ta ce in Kawu Ambrose ya gama da kabarin Wilf, na kakarta yana nan kusa, na uku daga katanga.

Na ce ni zan yanke ciyawar da kaina. Ta koma kan kifinta.

Alhamis, 20 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Tun jiya labari ya zaga. Cyril ya bugo waya kafin in dafa ruwa, ya ce in biyo da takardar in kuma ɗauki laimata, ta tare masa wuri. Maisie ma ta bugo. Zan bi su duka yau, Clyde ya kai birni gobe. Ban san yadda zan kalli idonsu ba. Zan dai kalla.

Baba ya kwana biyu bai ce uffan ba. Na kai masa shayi, na tallafo kansa, ya kurɓa sau biyu. Hannunsa ya yi sanyi. Saura wata guda cif, kuma ban sani ba ko zai kai. Na juya zan fita sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

“Hilda, Leander ya sa hannu?”

Na ɗauko takardar daga jaka, na sa masa tabarau, na riƙe masa ita kusa da taga. Ya bi layukan da yatsa, ya wuce na mai magani, ya wuce na matar masauki. Ya zo na huɗu ya tsaya. Ya daɗe yana shafa wurin.

“Wannan nasa ne,” in ji shi. “Wannan da kansa ya yi.”

Na ce e, Baba.

Ya cire tabarau ya miƙo mini, ya laluba aljihunsa ya ji almakashin yana nan.

“To ajiye alƙalamin, 'yata. Je ki wanke hannunki. Yanzu ma iya tafiya.”